Zanen Marigayi Iliya

Ku samarin da kuke cika bencin ƙofar shagona a nan Tudun Wada kuna jiran waya ta yi caji, kada ku ɗauka ba na jin ku. Kunnena ƙalau yake, furfura ce kawai ta yi mini gaggawa. Na ji ana cewa wai aikin Malam Tasi'u ba aiki ba ne, zaman inuwa ne, ya danna nan ya danna can, fanka tana kaɗa masa. Wani ma cewa ya yi in aka ba shi waya mai data, kafin Juma'a ya koye shi tas. To, Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ɗayanku ya je ya buɗe shago ya kashe wa bayin Allah dukiya, ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin sana'ar nan, don danne-dannen da kuke gani shi ne mafi ƙanƙanta a ciki.

A birni na koya, wajen wani mutum da kowa ke kira Oga, Allah ya jiƙansa. Ranar da aka kai ni na ɗauka sukundireba zai miƙo mini. Sai ya miƙo mini kujera, ya ce in zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo da kwamfuta in yi masa tambaya ɗaya kafin ya ajiye ta: me ke cikinta wanda in ya ɓata zai hana shi barci? Wata da watanni aikina ke nan, har na fara tunanin ko maigadi aka kawo ni in koya. Kusan kowa amsarsa ɗaya ce, “Ai babu komai a ciki.” Sai Oga ya ɗago kai daga can ciki ya ce, “Sake tambayarsa.” In na sake, sai ka ji mutum ya ce akwai hotunan sunan ɗansa, akwai takardun shago, akwai karatun mahaifinsa da ya naɗa kafin ya rasu. Wanda ya ce babu komai sai ga shi ya rungume kwamfutar ya ƙi saki.

Oga yakan ce da ni, “Tasi'u, ƙarfen nan duk ana sayar da shi a kasuwa. In ka ƙona shi za mu biya. Abin da mutum ya zuba a ciki ne babu shagon da zan je in sayo masa.” Saboda haka a shagonsa ba a kwance ko dunƙulen ƙusa ɗaya sai an fara kwafe abin da ke ciki an ajiye a gefe, ko da kuwa fanka ce kawai za a sauya.

Wata rana bayan la'asar ya ɗauko wani faifan kwamfuta da ya mutu, wato ɗan akwatin ƙarfen da ake ajiye komai a cikinsa, ya buɗe shi a gabana. Ban taɓa mantawa ba. A ciki akwai wani falle mai sheƙi, na leƙa na ga fuskata a ciki fes. Babu rubutu, babu zane, babu ko ɗigo. Ya nuna mini wani ɗan hannu siriri da ke miƙe a kansa ya ce shi ke rubutu shi ke karatu, kuma ba ya taɓa fallen, a kan iska yake shawagi, tazarar da ke tsakaninsu silin gashin kaina ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ya ce a wannan fallen da nake kallon hancina akwai littattafan da za su cika ɗakin nan har rufi. Na juya shi, na kai shi hasken ƙofa, na sake dubawa. Na ce, “Oga, a ina?” Ya yi dariya ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Har yau in na riƙe faifai a hannuna sai na ji wannan mamakin ya dawo sabo, in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Abu na biyu da ya nuna mini shi ne ya zama abincina. Ya sa na ɗauki hoto na zuba a kwamfuta, ya goge shi a gabana, ya je kwandon shara na kwamfutar ya zubar. Ya ce in nemo. Na nema har na yi gumi, babu. Sai ya kunna wata manhaja, muka zauna muna kallo, can sai ga hoton ya dawo, ni ne tsaye da tsohuwar hulata. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya ce in zauna, ba tsafi ba ne. Kwamfuta in ka ce ta goge abu ba ta zuwa ta share shi. Kamar mai gidan haya take yi, ta cire sunan mutum daga ƙofa ta ce ɗakin nan babu kowa, alhali mai ɗakin yana ciki. Yana nan har ranar da za a kawo wani a ɗora a kansa. In an ɗora, to shi ke nan, duk ƙwarewarka sai dai ka yi wa mai shi jaje.

Wannan ne ya sa in mutum ya kira ni yana salati wai kayansa sun ɓata, ba na tambayarsa yadda aka yi. Cewa nake, “Kashe ta. Cire wuta. Kada ka bari kowa ya taɓa.” Kayan aikina kuwa kun gan su, ba su cika jakar hannu ba: sukundirebobi ƙanana, burushi, ɗan kebul da nake haɗa faifan wani da kwamfutata ta yadda za ta karanta ba za ta rubuta masa komai ba, da faifai biyu manya da nake ajiye su babu komai a ciki, don su ne masaukin kayan mutane. Sai batirin sola. Wancan batirin da kuke ɗora ƙafa a kai, na fi ji da shi a kan babur ɗina, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafe faifai mai ciwo, wani lokacin ba ya sake tashi.

Na ga iri-iri. Wani mai hoto daga Tiga ya kawo mini kwamfutar da ruwan sama ya shiga ta taga ya jiƙa, ya shanya ta a kan kwano kamar barkono, da ta yi ɗumi ya kunna ya ga ko ta warke. Wani mai kemis daga Bebeji ya rantse mini yana kwafe kayansa duk mako, da na duba sai na tarar a cikin faifan guda yake kwafewa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, faifan ya mutu da su gaba ɗaya. Duk waɗannan da sauƙi a kan shekarar filas na jabu.

Shekarar nan ba na son tuna ta. Filas, ɗan abin nan kamar yatsa da ake zuba fayiloli, ya cika kasuwanninmu da araha, har a faranti ake tallansa. A jikinsa an rubuta yana ɗaukar kaya mai yawa, in ka sa a kwamfuta ita ma haka za ta gaya maka, don tun daga inda aka ƙera shi aka koya masa ƙarya. Ka zuba, ya karɓa. Ka ƙara, ya karɓa. Ka duba, ga sunayen kayanka reras. Amma cikinsa ɗan mitsitsi ne, sunayen kawai yake riƙewa. Ranar da ka buɗe sai ka tarar wayam. Mutane suka riƙa asara, kuma wa za su kama in ba mai gyara ba? An zage ni a kan kayan da ban taɓa gani ba. Har aka kai lokacin da in na ga mutum ya nufo shago da filas a hannu sai in fara shirin shan zagi.

A cikin wannan shekarar, da farkon damina, babura biyu suka tsaya a ƙofar nan da hantsi. A kan ɗaya akwai wani magidanci rungume da kwamfutar tebur naɗe cikin ƙyallen shadda, a kan ɗayan kuma wani dattijo mai farin gemu da carbi. Magidancin shi ne Haladu, tela daga Kiru, mai ɗinkin kwamfuta, irin injin nan da kake ba shi zane ya yi wa wuyan riga aiki da kansa. Dattijon surukinsa ne, mahaifin matarsa, muka riƙa kiransa Baba Alhaji. Na ba dattijo kujerata, muka gaisa, na tambayi mutanen Kiru da ruwa. Haladu ya tsugunna a gefe bai ajiye kwamfutar ba.

Ga abin da ya kawo su. Haladu yana da wa, Iliya, wanda Allah ya yi wa baiwar zane. Shi ke zana aikin wuya da na aljihu a takarda, Haladu ya ɗinka. Da suka sayi injin, sai suka kwashi takardun nan suka kai birni, wani ya mayar musu da su fayilolin da injin ke karantawa. Bayan nan Iliya ya kwanta ciwo ya rasu. Takardun aka zuba a akwati, gara ta bi ta ƙasa ta cinye su. Zanen Iliya bai rage a ko'ina ba sai a cikin kwamfutar nan, kuma shi ne ya sa mutum zai baro Doguwa ya wuce teloli nawa ya zo Kiru. A cikinsu akwai ɗaya da Iliya ya zana yana kwance, na babbar riga, ya sa masa suna ƙahon ɓauna, shi ne na ƙarshe da aka kai birni aka mayar da shi fayil. Haladu bai taɓa ɗinka wa kowa shi ba, ko gwaji bai yi ba. Ya ajiye shi ne don rigar angwancin Nura, babban ɗan marigayin, kuma ga shi an sa ranar auren bayan Babbar Sallah.

Kwamfutar ta fara nauyi, sai ya kai ta wajen wani mai gyara a kan hanya. Ba zan zagi mutumin ba, don ya yi tambayar da ta kamata: “Ka kwafe kayanka?” Haladu ya zaro filas, aka sa, ga sunaye sun fito. Mai gyara ya wanke kwamfutar tas, abin da muke cewa fomatin, ya ɗora mata sabuwar manhaja. Sannan ya yi abin da duk mai gyara a yankin nan yake yi don kada a ce ya sallami mutum hannu biyu: ya cika masa ita da finafinai da wa'azi da karatu, kyauta. Haladu ya yi godiya ya koma gida, ya sa filas a injin, injin ya ƙi.

Baba Alhaji ya gyara murya ya ce, “Ɗana, ni na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ai ajiyar tana nan. Ni na kawo masa ita tsaraba da na dawo daga aikin Hajji, ba irin ta bakin titi ba ce. Duba mana ka gani, wataƙila injin ne.”

Haladu ya miƙo mini filas ɗin da hannu biyu. Yana cikin ɗan jakar fata da aka ɗinka masa musamman. Na sa a kwamfutata, na gwada, abin da nake tsoro shi na gani. Na ɗago kai, idona ya faɗa cikin na Haladu. Na gane roƙon da yake yi, kada in faɗa a gaban surukinsa.

Na ce, “Baba, irinsu in kaya ya yi musu yawa sukan saki. Wannan ya saki. Sai dai mu nema ta wata hanyar.”

Dattijo ya jinjina kai ya ce, “Ikon Allah. Ashe shi ma yana gajiya.”

Da ya fita alwala, Haladu ya matso ya rage murya. “Malam Tasi'u, wallahi wani abokina ya taɓa ce mini in kawo maka ka gwada shi. To ta yaya? Tsarabar surukina, daga ƙasa mai tsarki, in ɗauka in kai a duba mini ko ta gaske ce? In ya ji fa? Da wane ido zan kalle shi?”

Ban yi masa dariya ba, don ni ma ina da suruki. Na zauna ina jinjina abin. Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan. Dattijo ya yi alheri, mai gyara ya yi alheri, Haladu ya yi kunya irin wadda aka tarbiyyantar da mu a kai, kuma su ukun nan suka haɗu suka binne zanen Iliya. Na gaya masa gaskiya: abin da finafinan ba su hau kai ba zan iya nemowa in Allah ya yarda, abin da suka hau kai kuwa ya tafi. Ya ce, “Ƙahon ɓauna fa?” Na ce ban sani ba, kuma ba zan yi masa alkawarin abin da ban gani ba.

Na kwance kwamfutar na ciro faifan, ban bari ya sake kunnuwa a cikinta ba. Na haɗa shi da kebul ɗina, na fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa ɗaya daga cikin manyan faifaina, har da wuraren da kwamfuta ke cewa babu komai, don can ne abin da muke nema yake. A kan kwafin ake aiki, na asali a naɗe shi a ajiye. Ana cikin haka hadari ya haɗo daga wajen Falgore, rana ta ɓace, batirin sola ya fara ja da baya. Na tayar da janareta na tsaya a kansa da galan a hannu kamar mai jinya. Haladu ya ce in bar masa, na ce ya koma ya zauna, yau ba ranar taya ni aiki ba ce.

Washegari na saki manhajar nema a kan kwafin. Aikinta shi ne ta bi faifan taƙi bayan taƙi, duk inda ta ga abin da ya yi kama da farkon fayil ta ɗauko. Wannan ne zaman da kuke gani kuna cewa hutu nake. Ka zauna kana kallon lamba tana motsi, ba ka da abin yi sai addu'a, kuma ka san rayuwar wani ce take fitowa ko take ƙin fitowa. Can suka fara zubowa. Da farko ɗaya-ɗaya, sannan kamar an ɓalle bakin buhu. Na kira Haladu a waya na ce ya zo.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Fayil in ya dawo ta wannan hanyar ba ya dawowa da sunansa, lamba kawai ake liƙa masa. Ga su nan dubbai, don injin da kansa yana zuwa da tarin zanen kanti, furanni da tsuntsaye da tambarin ƙungiyoyi, duk sun cakuɗe da na Iliya. Na samo manhajar da ke nuna irin waɗannan zane, ta ƙi buɗe mafi yawansu. Mutumin birnin da ya yi musu aikin ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Haladu ya ce injinsa ba shi da tsirfa, abin da aka ba shi yake bi, sai dai ɗan allonsa ya daɗe da dushewa, ba ya nuna hoto. Ke nan babu hanyar sanin abin da ke cikin fayil sai an ɗinka shi. In kuwa za mu ɗinka dubban nan ɗaya bayan ɗaya, sai Nura ya aurar da nasa ɗan ba mu gama ba.

Na ce, “Haladu, me ya bambanta aikin yayanka da na kanti?”

Ya ce, “Yaya ba ya ƙaunar fili. In ya ga wuri babu zare sai ya ji kamar an bar gona ba shuka. Aikinsa cike yake, har mutane na cewa rigarsa ta fi ta kowa nauyi.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. In ta yi nauyi a kafaɗa, za ta yi nauyi a kwamfuta.” Zare mai yawa yana nufin sukar allura mai yawa, kowace suka kuma sai an rubuta ta a fayil. Na jera su daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, na ɗebi na sama na zuba a filas mai kyau wanda na gwada da hannuna. Na rufe shago na hau bayansa muka nufi Kiru.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfa, injin ya cinye rabinsa. Ya tara ƙyallayen da suka rage daga yanka, ya ɗaure ɗaya a firam ɗin da ke riƙe yadi a injin, ya zura zare. Maƙwabta suka taru a ƙofa, Baba Alhaji yana kan tabarma. Na farko ya fito wani ƙaton fure na ƙasar waje. Na biyu tambarin ƙwallo, aka yi dariya. Haladu bai yi ba. Ya ɗaura wani ƙyallen, na zaɓi lamba ta gaba, ya danna.

Allura ta sauka a gefen hagu, ta yi ɗan lanƙwasa, ta koma ta bi ta kan sawunta, ta sake lanƙwasawa. Ko faɗin tafin hannu ba ta yi ba Haladu ya dafa bango. Ya ce, “Nasa ne.” Na ce ya bari ta ɗan yi nisa mu tabbatar. Ya ce, “Malam Tasi'u, haka yake fara komai, daga hagu, ya koma ya ninka. Tun muna yara.” Wani tsohon tela da ke tsaye a ƙofa ya cire hula ya riƙe a hannu. Baba Alhaji ya daina jan carbi yana ta faɗin Allahu Akbar a hankali.

Ni kuwa na tsaya ina bin allurar da ido. Na daɗe ina dawo wa mutane da hotuna da takardu, amma wannan daban ne. Mutumin nan yana kabari, takardunsa gara ta ci, kwamfutar an wanke ta, ajiyar ƙarya ce. Ga shi kuma a gabanmu allura tana bin hannunsa, inda ya lanƙwasa ta lanƙwasa, inda ya dawo ta dawo, ba ta ƙara ba ta rage ba. Duk wannan yana kwance a kan fallen da in ka duba fuskarka kawai za ka gani. Na ji tsoron Allah ya kama ni a shagon tela da rana tsaka.

Muka shafe kwanaki muna wannan aikin, ina zuwa ina komawa. Duk wanda ya fito, Haladu ya faɗi sunan da Iliya ya sa masa, ni kuma in mayar wa fayil ɗin sunansa. Mafi yawa sun dawo lafiya. Wasu sun lalace. Kafin in bar shi na kafa masa doka, ita ce kuma nake kafa wa kowa: ajiya a wuri uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifai na daban a shago, ɗaya a gida inda in gobara ta ci shago ba za ta kai ba. Kuma ajiyar da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ba ajiya ba ce. Ka buɗe ta ko wa ya ba ka, ba sai ka yi a gabansa ba.

Ƙahon ɓauna ya fito ana gab da gama tarin. Haladu ya gane shi tun daga farko, duk da sau ɗaya ya taɓa ganinsa a takarda. Ya tsayar da injin, ya cire ƙyallen gwaji, ya ɗauko farar shaddar da ya saya don rigar Nura ya ɗaura. Na ce ya bari mu gwada a ƙyalle tukuna. Ya ce a'a, wannan ba a gwada shi. Allura ta kama aiki. Ƙaho ɗaya ya taso daga ƙasan aljihu ya murɗa sama, cike da ƙananan gidaje kamar saƙar zuma, ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Ta gama shi, ta gangaro tsakiya, ta fara ɗaukar na biyu. Sai ta yi tsalle. Ta koma gefe, ta soki inda babu komai, ta fara haukan da na sani a lalatattun fayiloli. Haladu ya buga maɓallin tsayawa kafin ta ɓata shaddar.

Ya ce, “Babu sauran?”

Na ce, “Babu. Wani fim ne ya sauka a kansa.”

“Ko a wani wurin?”

“Na bi faifan nan kaf, Haladu. Iyakar abin da aka bar mana ke nan.”

Ya daɗe yana kallon shaddar. Na ji kunya kamar ni na ɗora fim ɗin, don babu abin da ya fi wa mai sana'ata ciwo irin ya kawo abu har bakin ƙofa ya kasa shigar da shi. Can ya warware zaren da ya kauce da bakin reza, ya cire shaddar daga firam ya shimfiɗa a kan tebur. Ya jawo wata tsohuwar gwangwani daga ƙarƙashin keke, ya fito da fensir da allurar hannu. Tun da suka sayi injin bai sake aikin hannu ba. Ya ce, “Ƙaho na biyun ba madubin na farko zai zama ba. Yaya ba ya maimaita kansa. Amma na san inda za shi.” Na yi masa sallama bai ɗago ba.

Ranar ɗaurin auren na je Kiru. Ango ya fito cikin farar babbar riga, ƙahoni biyu sun rungume ƙirjinsa, mutane suna ta juyowa suna kallo. Na matsa kusa da sunan gaisuwa, na ƙura ido ina neman inda injin ya tsaya hannu ya karɓa. Ni da aka yi abin a gabana, na kasa ganowa. Haladu ya lura da ni. Ya kama yatsana ya ɗora a kan rigar, ɗan ƙasa da tsakiyar ƙirji, a gaban angon.

Ya ce, “Nura, nan babanka ya tsaya. Daga nan ni ne.”

Nura ya sunkuyar da kai ya dubi wurin. Aka kira mu cikin masallaci, aka ɗaura, aka shafa fatiha. Da kowa ya sauke hannu, na ga angon ya mayar da tafinsa daidai wajen nan ya dafe, kuma bai ɗauke ba har aka watse.